Kurakuran mazauni da matsa lamba a wasan poka na intanet

Tun da farko ya kamata in faɗi iyakar maganata. Zuba kuɗi a kan karta caca ce, kuma aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta hana ta ƙarara, don haka abin da zan tattauna shi ne wasan da matasanmu na Gombe ke yi a waya da kwabban wasa waɗanda ba sa komawa naira, irin na manhajar Zynga Poker da ta fara a Facebook a 2007. Wanda yake yinsa don wasa ƙwaƙwalwa ya cancanci ya san inda yake kuskure, domin yawancin masu faɗuwa karta suke zargi, alhali matsalarsu tana ga kujerar da suke zaune da kuma yadda suke zubi.

A salon Texas Hold'em, wanda shi ne aka fi bugawa, ana ba kowa kati biyu a rufe, sannan a buɗe biyar a tsakiya: uku a tashi ɗaya, sai na huɗu, sai na biyar. Akwai alamar mai rabo da ke zagaya teburin hannu bayan hannu, kuma mutum biyun da ke hagunta su ne ke yin zubin dole, ƙarami da babba. Da zarar an buɗe katunan tsakiya, mai riƙe da alamar shi ne na ƙarshen magana a kowane zagaye. Duk wanda ya taɓa tsayawa a Tudun Hatsi ya ga yadda ake cinikin buhun masara ya san darajar wannan, domin dillalin da ya bari kowa ya taya kafin ya buɗe baki ya riga ya san inda kasuwar ta dosa, shi kuwa wanda ya fara tayawa a cikin duhu yake lalube.

Kuskuren da ya fi kowanne yawa shi ne buga kati iri ɗaya daga kowace kujera. Kwanakin baya, bayan sallar isha'i a Pantami, ɗan yayata ya miƙo mini wayarsa ransa a ɓace, ya ce: "Kawu, dubi yadda aka cinye ni, alhali ina da sarki biyu." Na duba hannun daga farkonsa. Teburin na mutum tara ne, shi ne na farkon magana, yana riƙe da K, wato sarki, da 9 waɗanda ba kalarsu ɗaya ba (kala a nan tana nufin ɗaya daga cikin zane huɗun da ke jikin karta), ya shiga da zubi mafi ƙanƙanta, wani a bayansa ya ɗaga, shi kuma ya bi. Aka buɗe K da 7 da 2, ya yi shiru, abokin karawarsa ya zuba, ya bi, haka har sau uku, a ƙarshe mutumin ya nuna A da K, wato shi ma sarki biyu gare shi, amma A ɗinsa ya fi 9 girma. Na ce masa tun kafin a buɗe kati ko ɗaya a tsakiya aka cinye shi, domin mutum takwas ne a bayansa ba su yi magana ba, kuma da wuya a rasa wanda ya fi K da 9 a cikinsu. Gyaran shi ne mutum ya tsuke hannunsa a kujerun farko, ya shiga da manyan tagwaye, wato kati biyu masu daraja ɗaya kamar K da K, da irin su A da K ko A da Q kawai, sannan ya riƙa sassautawa yayin da alamar ke matsowa. A kan alamar kanta, idan kowa ya ajiye kartarsa, wannan K da 9 ɗin ya isa a ɗaga da shi, tun da mutum biyu ne kawai suka rage, kuma dukansu za su riga shi magana har hannun ya ƙare.

A cikin wannan labarin akwai wani kuskuren da ya ɓuya, wato shiga da bi kawai maimakon ɗagawa. Mai bi hanya ɗaya gare shi ta cin tarin tsakiya, ita ce kartarsa ta fi ta kowa idan an buɗe. Mai ɗagawa yana da biyu, domin ko dai ya fi su kati, ko kuma su janye su bar masa. Idan katin ya isa a shiga da shi, kuma ba wanda ya riga ya shiga, to a ɗaga zuwa ninki biyu da rabi ko uku na babban zubin dole. Idan kuwa bai isa a ɗaga da shi ba, ajiye shi ya fi.

Daga nan sai waɗanda suka ɗaga da farko, amma da an buɗe katuna uku ba su dace da nasu ba sai gwiwarsu ta yi sanyi. Sun manta cewa mai riƙe da kati biyu mabambanta sau ɗaya cikin uku kawai yake samun tagwaye a buɗewar farko, wato sau biyu cikin uku abokin karawarka ma bai samu komai ba. Idan mutum ɗaya ne a gabanka, ya kuma yi shiru, zubin rabin abin da ke tsakiya yana buƙatar ya yi nasara sau ɗaya cikin uku ne kawai kafin ya mayar da abin da aka sa. Amma wannan lissafi na mutum ɗaya ne ko biyu. Idan huɗu suka biyo ka, da wuya a ce duk sun rasa, kuma shiru a nan ba tsoro ba ne.

Su kuma waɗanda suka ji an ce matsa lamba na da amfani, sukan wuce gona da iri, su mai da kowane hannu fagen burga. A nan ne nake ganin ya kamata a tsaya a yi tunani sosai, domin teburin kwabban wasa yana da halinsa na daban. Burga tana aiki ne a kan mai jin zafin asara, su kuwa mutanen waɗannan tebura, da yake kwabban kyauta ake ba su, sukan bi kowane zubi don kawai su ga katin ƙarshe. Yi wa irin wannan mutum kurari ɓarnar kwabbai ne. Abin da ke cin su shi ne ka jira har ka sami kati mai ƙarfi, sannan ka zuba da nauyi a kowane zagaye, tun da ba za su janye ba. Idan har za a yi burga, a yi ta daga kujerar ƙarshe, bayan an ga rauni a fili, kuma da katin da ke da hanyar gyaruwa, kamar huɗu masu kala ɗaya da ke jiran cikon na biyar.

Kishiyar wannan ita ce laɓewa da kati mai ƙarfi don a yi wa mutane tarko, ko yin zubi ɗan kaɗan don kada su gudu. Lissafi yana nuna illar hakan. Wanda ke jiran cikon kala ɗaya bayan buɗewar farko yana da kati 9 da za su taimake shi cikin 47 da bai gani ba, wato kusan kashi 19 cikin ɗari a kati na gaba, da kusan kashi 35 idan zai ga biyun. Idan akwai 100 a tsakiya ka zuba 20, zai sa 20 don neman 120, kuma kashi 14 kacal yake buƙata, saboda haka ka sayar masa da katin da araha, kuma daidai ya yi da ya bi. Idan ka zuba 50, yana buƙatar kashi 25, sai ya zama in ya bi ya sayi katin da tsada. Wanda ya yi shiru gaba ɗaya kuwa kyauta ya ba shi.

Akwai kuma yawan kare zubin dole, inda mutum ke jin cewa tun da kwabbansa na ciki, tilas ne ya bi. Abin da ka zuba ya riga ya bar hannunka, kuma waɗannan kujeru biyu su ne mafiya wahala a teburin, domin su ke fara magana a duk zagayen da ya biyo baya. Mai babban zubi yana samun rangwame, tun da ya riga ya sa wani abu a ciki, saboda haka yana iya bi da katuna masu ɗan dama, amma mai ƙaramin zubi ya fi dacewa ya ɗaga ko ya ajiye.

Shawarar da na ba ɗan yayata a daren nan ita ce ya ɗauki takarda da biro, ya buga hannu ɗari, kafin ya kalli kartarsa a kowane hannu ya fara duba inda alamar mai rabo take, ya ƙirga mutanen da za su yi magana a bayansa, sannan ya rubuta kujerar da ya shiga daga cikinta da abin da ya samu ko ya rasa. Na kuma ce masa ya ja layi a ƙarƙashin duk hannun da ya bi sau uku a jere ba tare da ya ɗaga ko sau ɗaya ba, domin a kansu za mu zauna idan ya dawo da takardar.