Yadda ake kama tsohon gidan hutu a Hebden Bridge a zauna a ji daɗinsa

'Yan uwa mazauna Ingila, ɗalibai da ma'aikatan asibiti da masu zuwa ziyara, in hutu ya zo kuna son ku fita daga hayaniyar Landan ko Manchester, ba dole sai otal ba fa. Akwai tsofaffin gidajen dutse, wasu sun haura shekara 200, da ake bayarwa haya na kwana 3 ko 4 ko mako guda, gidan gaba ɗaya naku ne har da kicin da tukwane. Garin da nake nuna wa mutane shi ne Hebden Bridge da ke yammacin Yorkshire, a cikin kwarin kogin Calder, jirgin ƙasa daga tashar Manchester Victoria ko daga Leeds bai kai awa 1 ba. Asalinsa garin masaƙa ne da maɗinka wanduna, da masana'antun suka durƙushe gidaje suka yi arha sai masu zane da mawaƙa da marubuta suka cika shi a shekarun 1970, shi ya sa yau ko'ina ka juya ɗan shagon sana'ar hannu ne ko na littattafai. Amma tsohon gida yana da halinsa, wanda ya je da tunanin otal zai dawo yana ƙorafi.

Abu na farko tun kafin ka kalli hotunan falo, ka buɗe taswira ka ga a ina gidan yake, ƙasan kwari ko saman tudu. Na ƙasa suna kusa da tasha da kasuwa, amma garin yana da tarihin ambaliya, ranar 26 ga Disamba 2015 ruwa ya shanye tsakiyar gari, ya kuma sake a Fabrairun 2020, har jiniyar gargaɗi gare su, don haka in lokacin sanyi za ka je ka tambayi mai gidan ko ruwa ya taɓa shiga. Na saman tudu kuma babu wannan fargabar sai dai hawa, kuma hawa ne na gaske, titunan dutse ne masu santsi in an yi ruwa. In da Hajiya ko Baba za a je, ko akwai keken jariri, gaskiya ku nemi na ƙasa.

Sai ka gane wane irin gida ne. A shafukan hayar gidaje irin su Airbnb da Sykes Cottages za ka ga ana cewa gidan masaƙi ne, ana gane shi da jerin tagogi a bene na sama, siraran ginshiƙan dutse sun raba su, an yi su haka ne don haske ya isa kan masaƙar hannu. Akwai kuma wasu da garin ya yi suna da su, dogayen gidaje masu hawa 4 ko 5 a jikin tudu waɗanda a zahiri gida biyu ne ɗaya a kan ɗaya, na ƙasa ƙofarsa na kallon wannan titin, na sama kuma ta titin baya ake shiga. Ka riƙe wannan, zan dawo kansa. In an ce gidan yana cikin jerin gine-ginen tarihi, za ka iya sa adireshin a shafin Historic England, hukumar kula da gine-ginen tarihi ta Ingila, ka karanta shekarunsa da ajinsa, yawancinsu Grade II ne. Ma'anarsa mai gida ba shi da ikon ya canza taga ko matakala yadda ya ga dama sai da izinin hukuma, to kar ka yi mamakin gilashi mai falle ɗaya da iska ke shigowa ta gefensa.

Wanda kuma yake son tarihi zalla, a wani garin ma ba sai nan ba, ya duba Landmark Trust, ƙungiyar da aka kafa a 1965 tana ceto gine-ginen da suka kusa rushewa tana ba da su haya, suna da wajen 200. Yawancin gidajensu babu talabijin babu intanet, da gangan, ka sanar da yara tun daga gida.

Yanzu ka tura wa mai gidan saƙo kafin ka biya ko sisi, kar ka ji nauyi, sun saba. Ka tambaye shi yadda ake ɗumama gidan da kuma ko kuɗin wuta da gas na cikin kuɗin haya, matakala nawa ne daga titi zuwa ƙofa, banɗaki a wane bene yake, akwai wurin ajiye mota ko sai a titi. Sannan ka tambaya ko ana barin baƙi su zo da kare, domin da yawan gidajen hutu a can suna bari, in hakan zai dame ka wajen salla ka nemi wanda ba a bari.

Maganar lokaci a taƙaice, Litinin zuwa Juma'a ya fi arha a kan ƙarshen mako, hutun makaranta na Yuli da Agusta da makon Kirsimeti kuma farashi kan yi sama. Amma kasuwar garin daga Alhamis zuwa Lahadi take ci, to ka tabbata kwanakinka sun taɓa ko ɗaya daga ciki.

Wajen haɗa kaya, jaka mai goyo ta fi akwati mai taya, tayar nan ba ta jituwa da titin dutse. Rigar ruwa, takalmi mai kama ƙasa, safa mai kauri saboda daɓen dutsen kicin yana da sanyi ko da rani. Soket ɗinsu mai baki 3 ne irin namu na Najeriya, caja ba matsala. Nama na halal ka saya tun daga Manchester ko Bradford ko Halifax, ka zo da yajinka da shinkafarka, ni har 'yar tukunya da kaskon suya nake cewa a ɗauko don ba ka san abin da baƙon jiya ya soya ba. Masallatan Juma'a suna Halifax, 'yan mintoci ne a jirgi. Ka kuma duba lokutan salla, a Disamba rana na faɗuwa kafin ƙarfe 4, a Yuni kuma sai bayan 9 da rabi na dare.

Ranar zuwa, yawanci ƙarfe 3 ko 4 na yamma ake shiga, makulli na cikin wani ɗan akwatin ƙarfe mai lambobi a jikin bango, za a turo maka lambar. Ka yi ƙoƙari ka isa da sauran haske. Kana shiga kafin kowa ya baje, ka nemo fayil ɗin bayanin gida da suke ajiyewa a kan tebur ka karanta shi tsaf, a nan za ka ga yadda ake kunna hita da ruwan zafi da inda ake kashe ruwa da ranar kwashe shara. Ka zaga da yara ka nuna musu matakalar, siririya ce kuma a tsaye take, a sauko da hannu a kan ƙarfe, dogaye kuma su sunkuya a bakin ƙofa don katakon sama ba ya tausayin goshi.

To ga inda mu ya fi shafa. Buta dole ka zo da ita, ba za ka samu ba. Amma banɗakin tsohon gida ƙasansa katako ne aka shimfiɗa wa leda ko ma kafet, babu rariya, duk ruwan da ya zuba yana bi ta tsakanin katakai ya ɗiga ta silin ɗin ƙasa, kuma in irin gidan nan ne da yake gida biyu ɗaya a kan ɗaya kuma kana na sama, ɗakin kwanan wani maƙwabci ne a ƙarƙashinka. Alwala a yi ta a cikin bahon wanka ko wurin shawa, a shimfiɗa tawul a ƙasa, a goge nan take. Haka turaren wuta, Aunty ki yi haƙuri ki bar kaskon a gida, na'urar hayaƙi za ta tashi unguwa, kuma gawayi a ɗaki rufe kashe mutum yake yi ba tare da ya ji warin komai ba. Humra da na fesawa sun wadatar.

In gidan yana da murhun itace na ƙarfe, wallahi shi ne daɗin zaman. Ka buɗe ƙofofin iskarsa duka, ka jera ƙananan itace biyu biyu a giciye, ka sa abin kunna wuta a tsakiya, sai ya kama sosai sannan ka ɗora babban gungume ɗaya ka rufe gilashin, bayan ɗan lokaci ka rage iska, za ka ga harshen wutar ya lafa yana lasar gilashi a hankali ɗaki ya ɗau ɗumi. Busasshen itace kawai, ban da leda ko kwali mai fenti, kuma ka tabbata akwai na'urar gano iskar guba a ɗakin.

Garin kansa kar ka yi masa gaggawa. Ka tsallaka tsohuwar gadar dutse ta wajen 1510 wadda dawakan fatake suke bi a da, ita ta ba garin suna, ka bi gefen hanyar ruwan Rochdale da aka haƙa wa jiragen ruwa aka buɗe a 1804 ka kalli yadda ake buɗe ƙofofin ruwa jirgi ya hau. Daga gadar akwai hanyar dutse da ake kira Buttress mai hawa zuwa ƙauyen Heptonstall, numfashi za ka yi sosai amma akwai ƙaramar bas ga wanda ba zai iya ba, can sama za ka ga gidajen masaƙa baƙi ƙirin saboda hayaƙin zamanin da, da coci biyu a fili ɗaya, tsohon ya zama kango. Mai son daji ya tafi Hardcastle Crags. Da dare akwai silima ta Picture House da ke aiki tun 1921. In ka shiga shagon mai zane ko mai ginin tukwane ka nemi izini kafin ka ɗau hoto, kuma ko kofi ɗaya ne ko kati ka saya, da shi suke biyan haya.

Ranar tafiya ƙarfe 10 na safe ake fita kuma da gaske suke, masu shara na jira. Tun daren ka wanke kwanuka, ka raba shara, kwalba daban takarda daban, ka bar tokar murhu ta huce kar ka zuba ta a leda, ka buɗe taga na ɗan lokaci ƙamshin girki ya fita sannan ka rufe. Abin da ya fashe ka faɗa wa mai gida da kanka, ka ɗauki hoton kowane ɗaki saboda kuɗin ajiyarka, ka mayar da makulli akwatinsa ka juya lambobin.