Yadda ake karatun injiniya a Isra'ila ba tare da Ibrananci ya kayar da kai ba

Yawancin baƙin ɗaliban da na ga sun tattara komatsansu sun koma gida kafin shekara ta biyu, ba lissafi ne ya kore su ba. Wasunsu ma sun fi ni kai nesa ba kusa ba. Abin da ya ci su shi ne sun ɗauka Ibranancin da ake sayen tumatir da shi a kasuwa shi ne wanda malami zai zuba a allo. Ni ma saura ƙiris, shi ya sa zan daɗe a kan wannan gaɓar. Batun fasfo da tantance sakamakon sakandare kuwa, ka san su, ba sai na ɓata maka lokaci ba.

Da farko ka yanke shawarar ƙofar da za ka shiga. Idan digiri na biyu ko na uku kake nema, ka huta da rabin wahala. Cibiyar Weizmann da ke Rehobot da Turanci take koyarwa, ba ta karɓar kuɗin makaranta, har alawus take ba ɗalibanta, sai dai ba ta yin digirin farko. Wanda hankalinsa ke kan ruwa da noman rani, ya duba reshen Jami'ar Ben-Gurion da ke Sde Boker, a tsakiyar hamadar Negeb. Can ma da Turanci ne, kuma matsalar da suke nazari a kanta ita ce dai wadda manomin Damagaram ko Nguru ke kwana da ita. Digirin farko ne mai ƙaya. Technion, jami'ar fasaha da ke Haifa, wadda ta fara karatu a 1924, tana da 'yan kwasa-kwasai da Turanci, amma mafi yawan fannoni da Ibrananci ake yin su. Kada ka yi tsammanin za su sassauta maka: tun 1913, kafin ma a buɗe makarantar, aka yi rigima kan ko da Jamusanci za a koyar ko da Ibrananci, Ibrananci ya yi nasara. Shawarata, in dai fanninka akwai shi da Turanci, ɗauke shi, ka koyi harshen a gefe. In babu, ci gaba da karantawa.

Kafin ka kashe ko sisi, zauna da iyayenka. Ƙasa ce da ake yaƙi a cikinta da kewayenta, kuma abin da ya faru a Gaza ya sa da yawa daga cikinmu ba za su taka ta ba ko da kyauta ne, wannan kuwa hujja ce da ba na raina ta. A 2023, saboda yaƙin, sai ƙarshen Disamba yawancin jami'o'i suka buɗe maimakon Oktoba. A watan Yunin 2025 makami mai linzami na Iran ya faɗa kan ɗakunan binciken Weizmann. Sannan bizar ɗalibi, wadda ake kira A/2, a fasfonka za a manna ta, kuma akwai ƙasashe irin su Lebanon da Iran da ba za su bar ka ka shiga da wannan fasfon ba. Ɗan Nijeriya zai nemi bizar a ofishin jakadanci da ke Abuja. Ɗan Nijar sai ya tsallaka wata ƙasa, domin Nijar ta yanke hulɗa da Isra'ila tun 2002.

Sai jarrabawar shiga. Akwai wadda suke kira psikhometri, makinta daga 200 zuwa 800, ana iya rubuta ta da Turanci ko Faransanci ko Larabci, jami'o'i da dama kuma suna karɓar SAT, jarrabawar shiga jami'a ta Amurka, a madadinta. Akwai kuma YAEL, wadda ke auna Ibranancinka. Idan an ba ka zaɓin yin mekhina, wato shekarar share fage, kada ka ce asarar shekara ce. Masu tsallake ta don tsimin kuɗi su ne ke maimaita darussa biyu-uku daga baya, kuɗin ya fita ta wata ƙofar.

Yanzu ulpan, makarantar koyon harshe. Matakanta da haruffa ake kiran su: alef, bet, gimel, dalet, he, vav. Ka isa ƙasar da bazara ka shiga ulpan na dogon hutu, tunda sai bayan bukukuwan Yahudawa na kaka ake buɗe jami'a. Nan Bahaushe yana da riba, musamman wanda ya yi allo. Rubutu daga dama zuwa hagu ba baƙo ba ne a wurinka, haruffa 22 ne kacal, kuma kalmomi daga tushe mai baƙaƙe uku suke tsirowa kamar Larabci. Arba huɗu ne, ga Laraba. Hamesh biyar, ga Alhamis. Esrim ashirin, arba'im arba'in. Shabbat da Asabar ɗinmu uwarsu ɗaya. Suna raba ata da at kamar yadda muke raba kai da ke, abin da ke ɗaure wa Ba'amurke kai har wata uku. Wannan sauƙin ne ya ruɗe ni. Na wuce aji da gudu, malama tana yabona, na ɗauka na gama.

Ranar farko a ajin Hedva, wato kalkulas, na gane cewa allon ba da haruffan littafi ake rubuta shi ba. Rubutun hannu daban yake ƙwarai, kuma babu wasali ko ɗaya, kamar a ba ka ajami ba fatha ba kisira. Gimel da zayin a rubutun hannu kamar mutum ne da inuwarsa a madubi. Yod da vav da nun ta ƙarshen kalma duk sanda ce, tsawo kawai ya bambanta su. Samekh da'ira ce sak sifiri, vav kuma sak lamba 1, to ka yi tunanin su kusa da lissafi. Ga shi jimla tana tafiya daga dama, lissafin da ke cikinta yana tafiya daga hagu, ido ya rasa inda zai dosa. Don haka doka ta farko: tun makonka na biyu a ulpan ka daina rubuta haruffan ɗab'i kwata-kwata. Ka roƙi wani ɗalibi ɗan ƙasa tsohon littafin rubutunsa na shekarar farko, mafi munin rubutu da za ka samu, ka riƙa kwafar shafi ɗaya kullum bayan asuba.

Doka ta biyu, ka buɗe ƙaramin littafi na kalmomin aji kaɗai. A ulpan an koya maka mishpat jimla ce, a ajin lissafi ka'ida ce da ake tabbatarwa. Gvul a titi iyakar ƙasa ce, a Hedva iyakar da lissafi ke dosa ce. Kalmomin lissafi da kimiyya irin su nigzeret, mishva'a, koakh, te'utsa, babu malamin ulpan da zai kawo maka su. Amma kafin sunaye, haddace kalmomin umurni na takardar jarrabawa: khashev wato lissafa, hokhakh wato tabbatar, namek wato kawo dalili.

Ga inda na faɗi. A jarrabawata ta farko an rubuta hokhakh o hafrekh. Na ga kalmar farko, na san ta, na duƙufa. Minti arba'in ina gumi ina neman tabbatar da wata magana, na cika shafi biyu, har na yi wa kaina dabarar da na san ba ta zauna ba. Da muka fito, wata 'yar ajinmu Balarabiya daga Nazarat ta ce min ai maganar ƙarya ce, misali ɗaya da ya saɓa mata ya isa, layi uku ta rubuta. Umurnin cewa yake: tabbatar ko ka ƙaryata. Kalma ɗaya da ban sani ba ta cinye min tambaya sukutum da lokacin tambaya ta gaba. Tun ranar nake sauko da tsoffin takardun jarrabawa na shekarun baya, ba don in warware su ba tukuna, sai don in ja layi a ƙarƙashin kowace kalmar umurni. Ba su da yawa, maimaita kansu suke yi. Ka yi wannan kafin a buɗe makaranta, ba daren jarrabawa ba.

Haka kalmomin da aka gajarta, masu ɗauke da 'yan gajerun layuka biyu a sama kafin harafin ƙarshe. Idan malami ya rubuta haruffa uku ya ce mashal, nufinsa hujja ta kammala, ka daina neman ta a ƙamus. Kuma kada ka yi fashin tirgul, ajin atisaye da metargel ke jagoranta. Lacca za ka iya bin ta a littafin Turanci, amma a tirgul ake furta kalmomin a hankali ana maimaitawa. Kar ka zauna cikin 'yan'uwanka baƙi. 'Yan ƙasar sun girme ka don yawancinsu sai sun gama aikin soja suke shigowa, maganarsu gatsal take ba sakayawa, ba rashin kunya ba ne. Da sun ji harshenka ya karkace za su juya maka Turanci, kai kuma ka nace ka amsa da Ibrananci.

Sauran a gurguje. Mako Lahadi yake farawa, Juma'a galibi babu darasi, ka samu masallaci a natse, a Haifa akwai na Istiklal a ƙasan gari. Ka yi cefane kafin la'asar ɗin Juma'a, don shaguna da jiragen ƙasa suna tsayawa har daren Asabar, ko da yake a Haifa wasu bas suna aiki. Sayi katin Rav-Kav, na biyan kuɗin bas da jirgin ƙasa, ka nemi rangwamen ɗalibi. Ranar da ka karɓi makullin ɗaki ka tambayi inda miklat yake, mafakar da ake gudu in jiniya ta kaɗa, ka ƙirga daƙiƙa nawa za ka yi kafin ka kai. Kowace jarrabawa tana da zama biyu, mo'ed alef da mo'ed bet. Kafin ka shiga na biyu don gyara maki ka karanta dokar sashenku da kyau, domin a jami'o'i da dama makin ƙarshe ake ɗauka ko da ya fi na farko muni.