Saukar ƙaramin jirgin sama: inda ake yin ɓarna da yadda ake kauce mata

A wurin sauka ne ƙaramin jirgi mai inji ɗaya ya fi lalacewa, ko da yake ba nan ne aka fi rasa rai ba. Tayar gaba ta karye, farfela ta daki ƙasa, bakin fiffike ya goge titi, ko jirgi ya zarce ƙarshen titin ya auka shinge. In aka bi diddigi, galibi za a tarar inji lafiyarsa ƙalau, birki ma haka. Abin ya ɓaci ne tun jirgin na sama da ƙafa 300, lokacin da matuƙi ya ga gudunsa ya yi yawa ko ya kauce wa tsakiyar titi, ya ce a ransa bari ya gyara a ƙasa.

Ka fara da gudu, domin shi ne uwar matsalolin. Kowane jirgi yana da gudun da in ya yi ƙasa da shi fiffike zai daina ɗaukar nauyi, wato sitol. Ƙa'idar da aka saba ita ce a ninka wannan gudun da 1.3, a filaf ɗin da za a sauka da shi (filaf shi ne ɓangaren bayan fiffike da ake saukewa don jirgi ya iya tafiya a hankali), sai a sami gudun tsallake bakin titi. A sababbin ƙananan jirage samfurin Cessna 172 littafin jirgin ya ba da not 60 zuwa 70 da cikakken filaf, da not 61 in titin gajere ne. Not ɗaya ya kai kilomita 1.85 a awa. Ɗalibai, har ma da wasu tsofaffin hannu, sukan ƙara not goma a kai don tsoron sitol, suna ganin sun yi wa kansu gata. Alhali ƙarin kashi 10 cikin ɗari a gudu yana ƙara wajen kashi 20 cikin ɗari a tsawon titin da za a ci. Jirgin zai ƙi zama, ya yi ta shawagi ƙafa biyu ko uku a kan kwalta, titi na ƙarewa a gabanka.

A nan haƙuri yake ƙarewa, matuƙi ya tura sitiyari gaba don ya dasa jirgin da ƙarfi. Tayar gaba ce za ta fara taɓawa, ita kuwa ba don wannan aka yi ta ba. Ko dai nauyi ya koma kanta jirgin ya riƙa tafiya kamar baro, birki bai kama ba, saiti ya kuɓuce. Ko kuma ta buga ta dawo da hanci sama, jirgi ya sake tashi, matuƙi ya sake turawa a makare. Kowane tsalle sai ya fi na bayansa, har ƙafar gaba ta karye ko ta lanƙwasa bangon da ya raba inji da mazaunin matuƙi. Farfela kuma in ta daki ƙasa, ba ita kaɗai za a canza ba, sai an kwance inji an duba ƙaranshaf. In tsallen ƙarami ne kuma da sauran titi, ka riƙe hanci yadda yake a yanayin sauka, ka ɗan ƙara totur ya tausasa dawowar, ka sake ajiye shi a kan tayoyin baya. In ya yi na biyu, ko na farkon ya ɗaga ka sama sosai, ka fasa saukar.

Ƙarancin gudu bai kai yawansa faruwa ba, amma shi ne mai kisa, musamman a kwanar ƙarshe da ake miƙewa titi. Ga yadda take kasancewa. Iska tana bayanka a gefen da ke kafin kwanar, ta tura ka ka zarce layin titi. An koya maka kada ka kwantar da jirgi da yawa kusa da ƙasa, don haka maimakon ka ƙara kwantarwa sai ka taka fedar wutsiya ta ɓangaren kwanar don hanci ya juyo da sauri. Fiffiken waje ya ƙara gudu, jirgi ya nemi ƙara kwanciya, ka riƙe shi da sitiyari ta ɗaya ɓangaren; hanci ya sunkuya, ka ja baya. Yanzu fiffiken ciki ne zai fara sitol, jirgi ya kife ta wannan gefen ya shiga juyi, kuma ƙafa 400 ko 500 ba za su isa ka fito ba. Kwana ita kanta tana ɗaga gudun sitol in ana riƙe da tsayi: kwanciyar digiri 30 tana ƙara kamar kashi 7 cikin ɗari, digiri 45 kashi 19, digiri 60 kuwa kashi 41. Saboda haka kada ka wuce digiri 30 a zagayen sauka, ƙwallon cikin gilashi da ke kan allo, mai nuna ko jirgi na zamewa gefe, ya zauna a tsakiya, in kuwa ka zarce layin da nisa, ka miƙe ka sake zagayowa.

Gangaren da aka saba shi ne digiri 3, wato kamar ƙafa 300 a kowane mil na ruwa. Ka ninka gudunka a ƙasa da biyar ka sami saurin saukowa: not 60 na neman ƙafa 300 a minti. Inda akwai fitilun PAPI, wato fitilu huɗu na gefen titi masu nuna gangare, biyu fari biyu ja daidai kake. Duk fari ka yi sama. Duk ja ka yi ƙasa da yawa. Inda babu su, ka zaɓi wuri a titin ka duba shi ta gilashin gaba. In yana hawa sama a gilashin ba za ka kai shi ba, in yana zamewa ƙasa za ka wuce shi. Da ka iso ƙafa 10 zuwa 20, ka rage totur, ka ɗauke ido daga gaban hanci ka kai shi can ƙarshen titi, ka riƙa jan sitiyari a hankali kana hana jirgin taɓawa har sai ya gaji ya zauna da kansa. Ido yana ruɗi a nan. Siririn titi yana sa ka ji kamar ka yi sama, ka sauko fiye da kima; faffaɗa kuma yana sa ka ɗaga hanci da wuri, jirgi ya faɗo daga ƙafa da yawa.

Iskar gefe tana da lissafi, kuma ana yin sa ne kafin a iso, ba a bakin titi ba. In kusurwar iska da titi digiri 30 ce, rabin ƙarfinta ke buga ka a gefe. A digiri 45, kashi bakwai cikin goma. Daga 60 zuwa sama ka ɗauka duka ne. Misali za ka sauka a titi 09, wato mai fuskantar digiri 90, iska na zuwa daga digiri 120 da not 20, to not 10 ke gefenka, ta dama. Ka kwantar da fiffiken dama cikin iskar gwargwadon abin da zai hana jirgi zamewa, ka taka fedar hagu gwargwadon abin da zai miƙar da hanci daidai da layin tsakiya. Tayar dama za ta fara taɓawa, sannan ta hagu, sannan ta gaba. In ka taka feda har ƙarshe hanci bai miƙe ba, iskar ta fi ƙarfin jirgin, ka nemi wani titi. Not 15 da aka rubuta wa Cessna 172 abin da ƙwararren matuƙin gwaji ya nuna ne, ba alkawari ba ne ga wanda ya yi wata uku bai tashi ba. Kuskuren da ya fi yawa yana zuwa ne bayan taya ta taɓa: matuƙi ya sauke ajiyar zuciya ya mayar da sitiyari tsakiya, iska ta shiga ƙarƙashin fiffike ta ɗaga shi. Abin da ake so akasin haka ne, gudu na raguwa kana ƙara juya sitiyari cikin iskar har ya kai ƙarshe. Jirgi mai taya a wutsiya ya fi rashin yafiya, domin tsakiyar nauyinsa na bayan manyan tayoyi, da zarar ya fara karkacewa wutsiya za ta nemi ta wuce gaba. In iskar mai bugawa ce tana lafawa, ka ƙara rabin bambancin kawai: not 10 mai kaiwa 20, ƙarin not 5.

Iskar baya kuwa ana raina ta. Littafin Cessna 172 ya ce a ƙara kashi 10 cikin ɗari na tsawon sauka a kan kowane not 2, ke nan not 6 ya ci maka kashi 30. Busasshiyar ciyawa tana ƙara kashi 45 cikin ɗari na gudun da ake yi a ƙasa. Zafi da tudu suna sa iska ta yi sirara, allo ya nuna maka gudun da ka saba amma ainihin gudunka ya ƙaru da kamar kashi 2 cikin ɗari a kowace ƙafa 1,000. Alƙaluman littafi da sabon jirgi aka same su, shi ya sa hukumar kula da jiragen sama ta Birtaniya ke ba da shawarar a ninka sakamakon da 1.43. A titi mai kwancen ruwa, taya mai iskar psi 36 tana iya hawa kan ruwan daga wajen not 54, birki ya zama ba shi da amfani. Dunduniyarka ta kasance a ƙasa kafin taɓawa don kada ka sauka da birki a take, sannan ka ja sitiyari baya yayin da kake takawa, nauyi ya zauna a kan manyan tayoyi.

Fasa sauka ita ce maganin kusan duk abin da aka ambata, amma ita ma tana kayar da wanda bai saba ba. Ka yanke hukunci tun da wuri: in a ƙafa 300 gudu, layi ko gangare bai daidaita ba, ko taya ba ta taɓa a kashi ɗaya cikin uku na farkon titi ba, ka tafi. Totur har ƙarshe, a hankali amma ba da jinkiri ba. Ka kashe zafin kafireto, wato iska mai ɗumi da ake ba shi don hana ƙanƙara, in jirginka na da shi. Hanci zai yunƙuro sama da ƙarfi saboda tirim ɗin sauka, wato saitin da ke riƙe maka hanci a yanayin sauka, sai ka danne sitiyari gaba, ka taka fedar dama domin inji na jan jirgi hagu. A sababbin Cessna 172 ka mayar da filaf digiri 20 nan take, ka hau da not 60, ka koma digiri 10 har ka tsallake abin da ke gabanka, sannan ka naɗe sauran. Naɗe filaf gaba ɗaya a lokaci guda kusa da ƙasa yana sa jirgi ya nutse. Akwai kuma lokacin da ya ƙure: in ka riga ka taka birki, gudu ya mutu, titi saura kaɗan, gara ka shiga shinge da not 15 da ka sake tashi ka gamu da bishiya da not 55.

Ta ɓangaren na'ura, abubuwa kaɗan ne ke yawan maimaituwa. Ƙanƙara tana toshe kafireto a iska mai laima, an fi samunta tsakanin digiri 7 ƙasa da sifili zuwa 21 a ma'aunin Salsiyas, kuma ta fi kamawa in an rage totur, don haka ka ja zafin kafireto gaba ɗaya kafin ka rage. In inji ya ɗan yi gargada bayan ka ja, ƙanƙarar ce ke narkewa, kada ka mayar. Makunnin mai ya kasance a kan tanki mai mai, ko a kan duka biyun in jirgin na da wannan zaɓi. In babban jirgi ya sauka a gabanka, ka bi ta saman hanyarsa ka taɓa bayan inda ya taɓa, saboda guguwar da fikafikansa ke bari tana nutsewa ƙasa, tana kuma daɗewa in iska a kwance take.

Masu jirgin da ke naɗe tayoyi sun fi mantawa da su a ranar da tsari ya karye, bayan an fasa sauka ko hasumiya ta canza musu titi a ƙurarren lokaci. Ka duba koren fitilun taya sau biyu, a gefen titi da kuma bayan ka miƙe, kana faɗa da baki. Bayan ka sauka kuma kada ka taɓa wani makunni sai ka fita daga titi ka tsaya, domin hannun da ya nufi na filaf yana iya kama na taya.