Yadda Za Ka Auna Hanyar Daji da GPS Ba Tare da Layi Ya Karkace Ba

Kafin ka shiga dajin Afaka da ke jihar Kaduna, tsaya a fili ka kunna GPS, ka ba shi minti 10 ya kama taurarin ɗan'adam. Huɗu ne mafi ƙaranci, amma ƙarƙashin bishiyoyi ba sa isa, don haka buɗe GLONASS da Galileo, wato tsarin taurarin Rasha da na Turai masu aiki irin na GPS. Kashe tsimin batir.

Kada wayar ta zauna a aljihun wando, jikinka ma yana tare sigina. Ɗaure ta a saman jaka. Da rani aka fi dacewa, lokacin ganye ya zube.

A kowace mararraba dakata minti 2 kafin ka sa alama. Ka dawo ta hanyar, ka kwatanta layukan biyu da GPS ya zana, na tafiya da na dawowa. Tsofaffin taswirorin Najeriya kan ma'aunin Minna suke (tsohon tsarin nuna matsayin wuri a taswira), wayarka kan WGS84 (tsarin da GPS ke amfani da shi), sai ka daidaita su kafin ka haɗa layinka da taswirar.