Yadda ake zaga Bankok da ɗan jagora: wuraren ibadar Buda, kasuwanni da abinci

Mutumin Damagaram da ya sauka Bankok, babban birnin Tailan, yawanci fatauci ne ya kai shi: tufafi, takalma, jakunkuna. Sai an gama ɗaure kaya, saura kwana ɗaya ko biyu jirgi ya tashi, ya ce bari ya ga gari. A wannan yinin ne kuɗi ke salwanta, mutum ya dawo masauki da yunwa, azahar da la'asar sun kuɓuce masa, bai ga komai ba sai shagon zobba. Yinin yawo tun daren jajiberi ake gyara shi, da abin da ka ƙulla da ɗan jagora kafin ka ba shi ko sisi.

Tun daga gida, ko ta Yamai za ka tashi ko ta Kano, ka riƙe biza da katin rigakafin shawara, don Tailan na neman sa ga duk wanda ya fito daga Nijar. Tun watan Mayu na 2025 akwai kuma katin shiga ƙasa da ake cikewa ta intanet cikin kwana uku kafin sauka. Sefa ba ta canjuwa a can. Tafi da yuro ko dalar Amurka, sababbin takardu marasa yagewa, ka mayar da su bat, kuɗin Tailan. Agogonsu ya riga namu da awa shida.

A dokar Tailan, aikin jagorar baƙi na ƴan ƙasa ne kaɗai, kuma mai lasisi yana rataye da katinsa mai hoto. Ka nemi ganin katin. Ɗan'uwan da ya daɗe a unguwar Pratunam zai iya raka ka kasuwa, amma ba shi ne zai yi maka bayanin fadar sarki ba. Masu Ingilishi sun fi yawa. Mai Faransanci ko Larabci sai an nema da kwana biyu ko uku, kuma ya fi tsada. Idan kun kai huɗu ko biyar, ku haɗa kuɗi ku ɗauki naku ku kaɗai. Shiga ayarin wasu ya fi araha, sai dai motar ba za ta tsaya maka ka yi salla ba, kuma abincin rana an riga an tsara shi a inda ba a tambaye ka ba.

Abu uku za ka sa ya rubuta maka a saƙon waya. Na farko, babu tsayawa a shagon duwatsu masu daraja ko na tela. Yawon da aka ce maka kusan kyauta ne, la'ada ce ke biyansa: duk shagon da aka shigar da kai, direba na da kasonsa, ko ka saya ko ba ka saya ba. Na biyu, sunan gidan abincin halal da za a ci a ciki, ba “za mu samu a hanya” ba. Na uku, masallacin da za a tsaya da kuma ƙarfe nawa. Ka tambaya ko kuɗin ƙofa da na jirgin ruwa suna cikin farashin. Ka ba da kafin alƙalami, cikon sai an dawo da kai masauki.

A fara da Babbar Fada, wadda Sarki Rama na Ɗaya ya soma ginawa a 1782, shekarar da ya mayar da Bankok gadon sarauta. Ana buɗewa ƙarfe 8 da rabi, a daina sayar da tikiti ƙarfe 3 da rabi na yamma, baƙo kuma yana biyan bat 500. Ka isa kafin a buɗe. Daga ƙarfe 10 manyan motocin ayari sun cika wurin, rana ta buɗe. Kada ka ce ai ka saba da zafin bazarar Damagaram. Namu busasshe ne, gumi na bushewa a jiki. Nasu zafin kasko ne da aka rufe da murfi, riga ta jiƙe sharkaf ta ƙi bushewa. Gorar ruwa biyu ga kowane mutum kafin azahar ba ta yi yawa ba. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne iska ke da dama-dama.

Cinkoson motoci yakan cinye awa guda a kan tafiyar da ba ta kai daga unguwar Birni zuwa filin jirgin Zinder ba, don haka a bi ruwa ko ƙarƙashin ƙasa. Jirgin ƙasa na sama yana kai ka tashar Saphan Taksin, daga nan ka hau jirgin ruwa mai tuta ruwan lemo a kogin Chao Phraya, ka sauka mashigin Tha Chang. In ta jirgin ƙarƙashin ƙasa ne, tashar Sanam Chai ce kusa. In tasi ka tare, ka ce a kunna mita. Tana farawa daga bat 35, wanda ya ƙi kunnawa ka bar shi ya wuce.

A bakin katangar fadar ne tsohuwar damfarar garin take. Wani mutum tsaf-tsaf, mai fara'a, zai tare ka ya ce yau an rufe saboda biki, amma ga mai tuk-tuk, wato adaidaita sahunsu, zai zaga da kai wasu wurare a kan kuɗi kaɗan. Ƙarya ce. Ka yi masa murmushi ka ci gaba har ƙofar tikiti ka gani da idonka. In abu ya ɓaci, lambar ƴan sandan baƙi 1155 ce.

Shigarmu ta gida ta wadatar: kaftani da wando, ko doguwar riga da mayafi. Gajeren wando, riga marar hannu da tsukakken wando ne ake mayarwa daga ƙofa. Sa takalmin da ke cirewa da sauƙi, don za ka tuɓe shi sau da yawa, ka kuma sa safa, don daɓen dutsen yana ƙona tafin ƙafa da rana. Maza su cire hula in za su shiga ɗakin ibada. Ana tsallake dokin ƙofa, ba a taka shi. In an zauna, a naɗe ƙafa baya. Miƙa tafin ƙafa wajen mutum-mutumin Buda babban raini ne a wurinsu. Mace ba ta taɓa malamin Buda mai tufafi ruwan goro, ba ta miƙa masa abu hannu da hannu.

Musulmi kallo ya je, kuma ba wanda zai tilasta masa komai. Sunkuyawa gaban mutum-mutumi, kunna turare, ajiye fure, jefa kwabbai a kwano, duk ibadarsu ce. Ka gaya wa ɗan jagora tun farko ba za ka yi ba, ka tsaya daga baya ka yi shiru. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da shiga ɗakin ba, ya tsaya a farfajiya, ginin da zanen bango kaɗai sun isa kallo. Abin da bai dace ba shi ne dariya ko nuni da yatsa alhali mutane na durƙushe. Yadda ba za mu so baƙo ya yi shewa a ƙofar masallacin Juma'a ba, haka su ma.

Cikin harabar fadar akwai wurin ibadar Wat Phra Kaew, inda ƙaramin mutum-mutumin Buda na koren dutse yake, tsawonsa kamar santimita 66, a can sama bisa karaga. Sau uku a shekara ake canja masa tufafin zinariya, gwargwadon yanayi. Ba a ɗaukar hoto a cikin ɗakin. Awa ɗaya da rabi ya isa nan. Daga fada a taka zuwa Wat Pho, tafiyar minti goma zuwa sha biyar, inda Buda kwantacce yake, mita 46 tsawo, 15 bisa, har ba ya shiga hoto ɗaya. Ka tsaya wajen tafin ƙafafun ka duba aikin da aka yi da ɓawon dodon koɗin teku, alamomi 108 a jere, kowace da gidanta. Duk wanda ya san wahalar dukawan Zinder a kan fata zai gane hannun gwani. Ƙarar da za ka riƙa ji a bayan mutum-mutumin ta kwabbai ce da ake jefawa cikin kwanoni 108. Daga mashigin Tha Tien ƙaramin jirgi zai tsallakar da kai Wat Arun cikin ƴan mintuna, hasumiyar da aka liƙe da fasassun tangaran na Sin. Matakalarta a miƙe take, mai ciwon gwiwa ya haƙura da hawa. Ka ware bat 1,000 na ƙofofin nan uku.

Amfanin ƙarewa a Wat Arun shi ne masallacin Tonson, ɗaya daga cikin mafi daɗewa a birnin, yana wannan tsallaken, ba nisa. A Bang Rak akwai masallacin Haroon, kusa da Pratunam kuma Darul Aman. Ka lura da alƙibla: mu da muka saba fuskantar gabas, a Bankok yamma ake kallo, a ɗan karkata arewa.

Batun ci shi ne inda aka fi zamewa. Alade, wanda suke kira mu, ya ratsa girkinsu ta inda ido ba ya gani: romon taliya da ƙashinsa ake dafawa, wasu da kitsensa suke suya, kaskon da aka soya shi yanzu shi za a soya maka kazarka. Faɗin “mai sai mu”, wato kada a sa alade, yana cire tsokar ne kawai, bai canja romon ba. Ka nemi tambarin halal na majalisar Musulmin ƙasar, mai rubutun Larabci cikin kusurwa huɗu, ko rumfar da mai hijabi ke girki a bakin masallaci. A layin Larabawa da ke Nana, Sukhumvit layi na 3, ba ka rasawa, sai dai can abincin Larabawa da na Indiya ya fi yawa. In na Tailan kake son ɗanɗanawa, fara da khao mok kai, dafa-dukar shinkafa mai kurkum da kaza, wadda asalinta ta Musulmin ƙasar ce. Sai miyar massaman ta madarar kwakwa da dankali da gyaɗa, wadda ba ta da yaji sosai. Tom yam miya ce mai tsami da yaji da jatan lande. Barkononsu ƙanana ne kamar tsiduhu amma sun fi shi faɗa: “mai phet” na nufin ban da yaji. Som tam, kwaɗon ɗanyar gwanda, a wasu rumfuna da ɗanyar ƙaguwa ko ruɓaɓɓen kifi ake daka shi, kuma shi ne ke ɓata cikin baƙo ana gobe tafiya. Ci abin da aka soya a gabanka, a rumfar da mutanen gari suka yi layi. Kwano ɗaya a bakin titi yakan kama bat 50 zuwa 80. Ka rufe da shinkafa mai danƙo da mangwaro, ka sha ruwan gora, ba na famfo ba.

Da yamma sai kasuwa, kuma ranar ce ke zaɓa maka. Chatuchak, mai rumfuna fiye da 15,000, Asabar da Lahadi take ci sosai. Kasuwar Dole ta Zinder ta ranar Alhamis ko kusurwarta ɗaya ba ta kai ba. Kowane sashe da lambarsa, ka ɗauki hoton lambar rumfar da ka ga abin da kake so, don in ka wuce da wuya ka sake gano ta. Pratunam da Bobae na sarin tufafi ne, farashin sari yakan fara daga guda uku, kuma awon rigunansu ƙarami ne, ka tafi da igiyar awo. Sampeng, lungun ƴan koli a unguwar Sinawa, matsattse ne, jaka a gaba. Kasuwar kan ruwa ta Damnoen Saduak tana da nisan kusan kilomita 100, ba ta haɗuwa da fada a yini ɗaya.

Ciniki da kalkuleta ake yi, mai kaya ya buga, kai ma ka buga. Irin tayin nan namu na raba kuɗi biyu, a ce albarka, a ja, a yi kamar za a yi faɗa sannan a sallama, bai karɓu ba a can. Ɗaga murya abin kunya ne, kuma mai rumfa zai juya maka baya ne kawai. Nemi ragi kaɗan da fara'a, ka ƙara yawan kaya in kana son ya sauko. Kuɗin da ya faɗi ƙasa kada ka taka shi, hoton sarki ne a kai, kuma taɓa mutuncin sarauta laifi ne da ke kai mutum kurkuku shekara 3 zuwa 15. Kada ka karɓi saƙon mutum-mutumin Buda ka sa a kaya, fitar da shi daga ƙasar yana buƙatar izini. In ka sayi abincin gwangwani ko man shafawa na tsaraba ka ga an rubuta 2569, ba kuskure ba ne: kalandarsu ta riga ta Miladiyya da shekara 543, sai ka debe ka ga ko kayan zai kai Zinder da sauran kwana.