Darasi na 9: Bishiyar da aka dasa wa garkuwa

Duba mangwaron da ake kasawa a kasuwar Aboabo ko Kejetia a Kumasi. Wani za ka ga baƙin tabo a bayansa, ya tsage, yana ɗigar da ƙaro. Ba ƙwaro ne ya ci shi ba. Wata ƙwayar cuta ce da ido ba ya gani, bakteriya mai suna Xanthomonas. Ruwan sama mai iska ne ke watsa ta, tana shiga ta inda ganye ko ɓawo ya ji rauni.

'Yar'uwarta ce ta addabi ayaba a Yuganda tun 2001. Ganye ya yi rawaya ya yanƙwane, in ka sare kututturen sai ruwa mai kama da mugunya ya fito. Ba irin ayabar ci da aka samu tana jure mata, ga shi ayaba ba ta da ƙwallon kirki da za a yi barbara da shi. Sai masanan IITA, cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, da na Yuganda suka juya ga tattasai.

Sun ciro ƙwayoyin gado biyu daga tattasai, Hrap da Pflp, don su zama garkuwa ga ayaba. Ƙwayar gado ita ce ke ɗauke da halin da tsiro ke gada. Aka ɗora su a kan wata bakteriyar ƙasa, Agrobacterium, wadda ɗabi'arta ce cusa nata gadon cikin tsiro. Aka haɗa ta na 'yan kwanaki da tantani, wato ƙananan ƙwayoyin da suka haɗu suka yi jikin tsiro, wanda aka raino daga furen ayaba, sannan aka kashe bakteriyar da magani. Tantanin da ya karɓi gadon shi ake reno a kwalba har ya fid da ganye da saiwa. A nan ake yawan asara: hannu ko wuƙa ta yi datti, fumfuna ta cinye kwalbar. Wani tsiron kuma ya karɓi gadon amma bai yi aiki ba, shi ya sa ake yi wa kowanne allurar cutar a gani. An fara gwajin gona mai shinge a 2010.

Mangwaro ya fi wuya, tantaninsa ba ya saurin zama tsiro, bishiyar kuma sai ta shekara da shekaru kafin ta yi 'ya'ya. A Gana ma dokar 2011 ta ce ba a yin irin wannan dashen gado sai hukuma ta ba da izini.

Kafin a samu mangwaro mai irin wannan garkuwa, addarka ce abin lura. Sare reshen da ya kamu lokacin rani, ka ƙone shi. Haɗa Parazone (ruwan bilic na wanki) kofi 1 da ruwa kofi 5, ka tsoma adda kafin ka taɓa bishiya ta gaba. Fesa maganin jan ƙarfe kafin ruwa ya sauka, don ba ya warkar da ɗan da ya riga ya yi tabo.