Haɗa kwamfutar gem da kuɗi kaɗan a Damagaram

Tun da na haɗa wa ƙanina tashi kwamfutar samari suka dame ni da tambaya, "yaya me zan fara saya", to ga amsar a wuri ɗaya in huta. Abu na farko ka san gem ɗin da za ka buga. In eFootball ne da GTA V da Valorant a allo mai 1080p, ba ka buƙatar kayan masu tsada ko kaɗan, kar wani mai shago ya ruɗe ka da fitilu masu launi.

Kuɗin ya fi tafiya kan katin hoto, wato abin da ke fitar da hoton gem a allo, wanda masu gyara a nan ke kira carte graphique, ni dai ina ba shi kusan rabin abin da ke hannuna. In kuɗin ya kai ka nemi RX 6600 mai 8GB, wat 132 kawai yake ci kuma ba ya zafi sosai. In bai kai ba GTX 1660 Super mai 6GB har yanzu yana aiki. RX 580 shi ne ya cika kasuwa saboda araha, amma tsoho ne tun 2017, yana jan wat 185, kuma da yawansu an gama gasa su wajen haƙar kirifto dare da rana kafin su iso mana, ga wani mai suna 2048SP da ake sayarwa da sunan 580 alhali ƙarfinsa na RX 570 ne. Kar ka biya sai an kunna a gabanka, a buɗe manhajar GPU-Z ka ga ainihin sunansa, a sa manhajar FurMark mai matsa wa kati aiki ta yi ko minti goma sha biyar kana kallon zafin da fankokin. Mai kayan da ya ce "ai Alhaji ba sai an gwada ba" ka yi masa sallama ka wuce.

Furosesa, wato ƙwaƙwalwar injin, ba sai ka wahalar da kanka ba. Ryzen 5 5600 a kan madabod (faifan da ake soka dukkan kayan a kansa) B450 ko B550, ko kuma i3-12100F a kan H610, duk sun isa. Sai dai ka kula, tsohuwar B450 tana iya ƙin tashi da 5600 sai an sabunta mata BIOS, wato manhajar da ke tayar da ita, ka sa mai shagon ya yi maka tun a can. Kuma furosesa biyun nan babu hoto a cikinsu, ba kati ba abin da za ka gani a allo. Wanda bai da kuɗin kati yanzu ya ɗauki furosesa 5600G, yana fitar da hoto da kansa, ka lallaɓa da shi har Allah ya hore.

RAM, wato ma'adanar wucin gadi da injin ke aiki da ita, 16GB DDR4, amma sanda biyu masu 8 ba ɗaya mai 16 ba, bambancin a 5600G ma ya fi fitowa fili. SSD, inda ake ajiye gem da fayiloli, 500GB ka fara da shi, in na hannu ne a duba lafiyarsa da manhajar CrystalDiskInfo.

Yanzu ga inda nake son ka buɗe kunne, akwatin wuta, PSU ke nan ko alimentation. Nan ne kowa ke son rage kuɗi kuma nan ne garinmu ke hukunta mutum. Ƙanin nan nawa kafin ya zo wurina ya sayi wani marar suna, an rubuta 650W a jiki amma ka ɗaga shi ba nauyi kamar gwangwanin madara, wata rana da azahar cikin watan Afrilu wuta ta tafi ta dawo da ƙarfi, muka ji tas, sai warin roba ya cika ɗaki. Ya tafi da madabod ɗin gaba ɗaya, katin ne kawai Allah ya tsare. Arahar nan ba ta yi ado ba wallahi. Ka nemi 550W mai tambarin 80 Plus Bronze na kamfanin da aka sani irin Corsair ko Seasonic ko Cooler Master, kuma shi kaɗai ne ban yarda a saya na hannu ba. Ka haɗa da onduleur, wato na'ura mai batir da ke riƙe wuta in an ɗauke, wanda zai iya ɗaukar nauyin injin, ba don ka ci gaba da wasa ba, don ka samu minti biyu ka kashe lafiya.

Sai zafi da ƙura. Masu bidiyo a YouTube suna gwada kayansu a ɗaki mai sanyi, mu kuma Afrilu da Mayu sama da digiri 40 muke, hunturu ya zo ƙura ta shiga ko'ina. Don haka akwatin kwamfuta mai gilashi a gaba ba namu ba ne, ka ɗauki mai raga, fanka biyu a gaba ɗaya a baya, kar ka ajiye shi a ƙasa kan tabarma, ɗora shi kan tebur. Lokacin hunturu duk wata ka buɗe ka hure ƙurar, ka riƙe fankar da yatsa kar ta yi ta juyawa.

Maganar saye kuwa, yawanci Kano ake dosa, layin Beirut Road, ko a aika Yamai. In aike za ka yi ka lissafa canjin sefa da naira da kuɗin mota tun kafin ka ce ya yi araha, kuma a cire katin hoto daga cikin akwati a naɗe shi daban, don hanya tana iya karya ramin da yake zaune. Masu sayen tsohuwar Dell OptiPlex ta ofis su soka mata kati, dabara ce mai kyau, amma akwatin wutarta ƙarami ne kuma ba ya da wayar kati, sai irin GTX 1650 da ke shan wuta daga madabod kai tsaye, in ƴar siririyar ce kuma sai ka nemi gajeren kati wanda zai shiga.